Daminar da Jatau Ya Zama Namu

Bana ruwa ya makara a Gusau. Kwana goma sha ɗaya ke nan hadari yana haɗuwa ta gabas bayan la'asar, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai wata iska mai zafi ta taso ta watsa shi, gari ya waye sama fes kamar an share. Waɗanda suka yi shuka da ruwan farko sun daina leƙa gona, don ba abin da za su gano sai ɓacin rai. Jiya ina zaune a ƙofar shagona, na ture keken ɗinki gefe saboda gumi yana ɗiga a kan yadin mutane, sai ga autana ya dawo daga ƙwallo yana mita wai zafi ya hana su gudu. Ga takalmi a ƙafarsa, ga ruwan leda mai sanyi a hannu. Na jawo kekena zan ci gaba da ɗinki. Amma warin ƙasar da ta gasu da wannan jira na kullum yamma suka mayar da ni baya fiye da shekara talatin, lokacin Gusau tana ƙarƙashin Sakkwato, ni kuma ina ɗan shekara goma sha biyu, golan ƙungiyar Walƙiya.

Walƙiya suna ne babba a kan ƙaramin abu. Mu goma sha huɗu ne, yaran unguwa ɗaya a bakin gari, ba riga iri ɗaya, ba takalmi. Mai horar da mu shi ne Koci Mamman, mai gyaran keke a gindin darbejiyar bakin titi, wanda ya taɓa buga wa wani kulob wasa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ƙwallonmu ta roba ce, ta sha faci har ta daina tafiya a miƙe. In ka buga ta gabas sai ta ɗan yi shawara ta nufi kudu. Filinmu kuwa gonar gero ce ta wani dattijo, Baba Dikko. Yarjejeniyarmu da shi tsohuwa ce: daga girbi har saukar ruwa fili namu ne, in damina ta faɗi mu tuge sandunan raga, mu kuma ba shi yini uku, ranar shuka da ranar noman farko da ranar maimai.

Bayan girbin shekarar ne baƙi suka tare a gidan siminti na ƙarshen layinmu. Mutanen Fakistan ne. Maigidan, Malam Arshad, malamin kimiyya ne a makarantar sakandaren maza, dogo, siriri, kullum da lema a hannu ko rana ko inuwa. Yana zuwa masallacin unguwa, a yi sallama a yi musabaha, daga nan magana ta ƙare, don Hausarsa ba ta wuce lafiya lau ba. Matarsa, Nasrin, ba wanda ya san kamanninta sai labule da kan motsa. Matan unguwa sun aika yarinya ta yi mata barka da zuwa, ita kuwa ba ta gane abin da ake faɗa ba, ta yi murmushi ta mayar da ƙofa. Daga ranar aka yanke cewa matar ba ta son mutane. Daga baya muka ji ita ma haka ta yanke a kanmu.

Suna da ɗa ɗaya sa'ana, Imran. Kullum la'asar yana tsaye a bakin fili, riƙe da wani faffaɗan katako da muka ɗauka muciya ce ta manyan tukwane, ashe abin wasan ƙasarsu ne. Sati biyu yana tsayuwar nan ba wanda ya ce masa zo. Ranar da ƙwallonmu ta faɗa kan ƙaya ta yi fashewar da ko Koci ya duba ya girgiza kai, sai yaron ya juya da gudu. Mun ɗauka tsoro ya ji. Can sai ga shi ya dawo rungume da ƙwallon fata sabuwa fil, fara da baƙi, irin wadda muke gani a jikin kalanda. Kawunsa ne ya ba shi da za su taso, bai taɓa buga ta ba. Ya ajiye ta a gaban Koci ya koma gefe.

Gaskiya ƙwallon muka fara so kafin mai ita. Imran bai iya komai ba. In ƙwallo ta taho masa sai ya rufe ido, in ya kai mata duka ƙasa yake samu. Amma ba ya gajiya, kuma ko an kayar da shi sau goma zai tashi yana dariya, fuskarsa ta yi jawur. Daga nan ya samu sunan Jatau, har ya zamana in uwarsa ta turo kira da sunansa na gaskiya sai mun tsaya tunanin wa ake nufi. Koci ya sa shi a baya, ya nuna masa da hannu cewa duk abin da ya zo wucewa, mutum ko ƙwallo, ya tare.

Hausarsa a fili ya fara koyonta, kuma kalmar da ya fi ji ita ce "ba ni", don da ya ɓullo da ƙwallo a hammata yara goma sha huɗu ke ruga masa suna faɗinta. Sai ya ɗauka gaisuwa ce. Ranar da na fara jan shi cikin gidanmu shan ruwa, mun tarar da mahaifiyata, Inna, tana sauke hoce daga tanda, wainar dawar nan mai kauri da ake ci da yaji. Na durƙusa na gaishe ta. Jatau ya durƙusa yadda na yi, ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Ba ni, Inna."

Inna ta dube ni. "Mi yac ce?"

Na ce ba ni ya ce. Ta yi dariya har sai da ta dafa turmi, sannan ta zuba masa hoce huɗu a kwano ta rufe da faifai, ta ce ai yaron da ya san ya roƙa a gidan uwarsa ba baƙo ba ne, ya kai wa tasa uwar ita ma ta ɗanɗana.

Washegari kwanon ya dawo da wata gurasa shafal-shafal kamar takarda, da miyar wake mai yajin da ya sa mahaifina, Baba, tari. Inna ta juya gurasar ta duba bayanta, ta ce wannan hocen bai ƙoshi ba, amma ta cinye nata kason. Ba a mayar da kwano wayam, don haka ya koma da dambun zogale. Haka kwanon nan ya yi ta zirga-zirga tsakanin matan biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ni da Jatau muna dakonsa, muna kuma rage masa nauyi a hanya.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, muka sha shi da ƙyar, muna cewa da an yi Salla ruwa zai sauka. Aka yi Salla, shiru. Sai can aka samu ruwa guda mai kyau, muka tuge raga, muka bi Baba Dikko da sungumi da ƙoƙon iri, yana sara muna zubawa muna takewa. Gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Sati uku ana kallon tsiron yana naɗewa, ya yi fari, ya kwanta. Da rana ƙasa takan yi zafin da ba ka iya tsayawa wuri ɗaya sai kana ɗaga ƙafa kamar ƙadangare. Rijiyar unguwa ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, abin da ke fitowa kuma rabi laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Da ya tabbata shukar ta mutu, Baba Dikko ya tarar da mu muna zagaya gonar kamar masu zaman makoki, ya ce, "Ku maida sandunanku, ɗiyana. Ƙasa ba ta da aiki yanzu."

Ba zan ɓoye ba, murna muka yi. Ba a taɓa buga ƙwallo a filin nan a irin wannan wata ba. Muna bin manya filin idi roƙon ruwa da safe, mu ɗaga hannu mu ce amin, da yamma kuma mu dubi gabas muna fatan hadarin ya ba mu ko da awa ɗaya. Murnar ba ta daɗe ba. Hatsi ya yi tsada a kasuwa, masu shi suka ɓoye. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya, da dare. Da safe kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinsa, da rana kuwa kwaɗon zogale ko na rama busasshiya, ƙuli-ƙulin ma ana gutsura shi kamar magani. Inna takan ce ta riga ta ci a madafa. Na yarda da hakan har sai ranar da na ga tana ƙara ɗaure zaninta sau biyu. A fili gudu ya ragu. Wani yaro, Sule, ɗan gabanmu mai gudun barewa, ya zo buga fenariti jiri ya ɗebe shi ya zauna daɓas a ƙasa. Koci ya hura usur ya ce daga yau wasa rabin awa ne, ba ƙari.

Jatau ne ya kai labari gida. Kashegari da la'asar muna cikin wasa sai ga Malam Arshad da lemarsa, bayansa wata mace lulluɓe da farin mayafi, ɗauke da tire. Wasa ya tsaya cak ba tare da usur ba. Wannan ne karon farko da muka ga Nasrin. Gajeruwa ce, idanunta manya, kuma ko mu yara mun gane tana da ciki. Ta ajiye tiren a gindin raga, gurasa ce tuli guda an shafe ta da mai da sukari, ta ja da baya tana kallon ƙasa. Muka dubi Koci, don an hana mu cin abin mutane a waje. Koci ya ce wannan ba abin mutane ba ne, na uwar ɗan wasa ne, a wanke hannu. Daga ranar kusan kullum tiren yana zuwa. Wani lokaci gurasar takan zo da garin dawa a ciki, alamar su ma alkamar tasu ta fara ƙasa.

Labari ya isa cikin gidaje. Da Inna ta ji, sai ta ce mace mai ciki tana tsaye a gaban wuta don 'ya'yan wasu, su kuwa suna zaune suna cewa ba ta son mutane. Da magariba ta gabato ta nemi izinin Baba, ta yafa mayafi, ta ɗauki matar Koci da wata maƙwabciyarmu, ni da Jatau muna gaba a matsayin tafinta. Tafintan bai yi wani amfani ba, don Hausar Jatau duk ta fili ce. Suka zauna a tabarma ana kallon juna ana murmushi. Can Inna ta nuna cikin ta ɗaga yatsu tana tambayar wata nawa. Nasrin ta ɗaga biyar. Inna ta sake tambaya da hannu, ina uwarki, ina 'yan'uwa? Sai matar nan ta nuna nesa, ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya ƙwace mata. Aka kore mu waje.

A waje Jatau ya faɗa mini abin da ban sani ba. Wata bakwai uwarsa ba ta yi magana da wata mace ba. Tana tsoron haihuwa a inda ba ta da kowa. Babansa ya riga ya rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin aljihun rigarsa, in an yi hutu za su koma. Na tambaye shi da ƙwallon za su tafi? Ya ce zai bar mana. Sai na ji amsar ba ta yi mini daɗin da na zata ba.

Ruwa ya sauka ranar wata Talata, muna tsakiyar fili. Hadarin ya haɗu kamar kullum, ba wanda ya ɗaga kai, sai da iskar ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wajen Kwatarkwashi. Ɗigon farko manya ne, kowanne yana tayar da 'yar ƙurarsa. Kafin Koci ya lalubo usur an kece kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gudu. Muka yi ta zamiya a cikin taɓo, muna buɗe baki sama, daga cikin gidaje ana jin guɗa da ƙarar bokitai da kwanoni ana jerawa a bakin indararo. Malam Arshad, wanda ya yi wata da watanni yana yawo da lema ba ruwa, ranar ya rufe ta ya tsaya ya jiƙe sharkaf yana dariya.

Sai dai Baba Dikko ba shi da iri. Abin da ya rage ya riga ya shiga tukunya, haka ma gidaje da yawa har da namu. Lokaci kuma ya ƙure, sai gero mai saurin nuna. Mahaifina ya ce yana da ɗan'uwa a Bilbis, can bayan Tsafe, da ba ya rabuwa da irin wannan iri, amma kafin a samu motar kasuwa a je a dawo danshin ya tafi. Bayan sallar asuba Koci ya tare Malam Arshad a ƙofar masallaci, da guntun Turancinsa da hannu da ƙafa ya yi masa bayani. Kafin rana ta ɗaga tsohuwar motar Malam ta kama hanyar Tsafe da Baba da Baba Dikko a ciki. A lokacin mutum yakan bi hanyar nan ba ya tunanin komai sai ramuka. Da azahar suka dawo da buhu biyu, da kaza da aka ba baƙo, da kuma labarin yadda dattawan Bilbis suka hana shi tashi sai da ya shanye ƙwaryar fura.

Aka yi shuka a yini biyu, gona bayan gona. Da noman farko ya zo, Baba Dikko ya kira gayya, don ciyawa ta taso da ƙarfinta kamar tana rama kwanakin da ta rasa. Walƙiya ta fito gaba ɗayanta, iyayenmu maza suka fito, aka samo mai ganga. Ana shirin jeruwa sai ga Malam Arshad cikin tsohon wando, ya ce a ba shi fartanya. Aka yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi. Ya kama kunya ɗaya tsakanin Baba da Koci. Bai fi taku ashirin ba ya sare gero uku ya bar ciyawa tsaye, Baba Dikko na biye da shi yana dasa abin da ya tuge yana cewa madalla, madalla. Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, aka ɗaure masa da tsumma, ya koma. Da mutane suka kai ƙarshen gona suka juyo, suka tarye shi a tsakiyar kunyarsa aka ƙarasa tare, mai ganga ya bi shi da kiɗa har bakin iyaka. Tun ranar sunansa ya koma Malam Manomi.

Abincin gayya a gidanmu aka dafa, kowane gida ya kawo ɗan abin da ya samu. Da aka aike ni ɗauko faranti na tarar da Nasrin zaune a kan kujera 'yar tsugune a tsakiyar mata, an hana ta taɓa taɓarya, an ba ta tsintar tafasa. Tana kiran Inna da Yaya. Matan suna nuna mata abu su faɗi sunansa, ta maimaita, a fashe da dariya, ita ma ta faɗi nasu sunan su maimaita, ta rama dariyar.

Tunda fili ya koma gona, sai Koci ya nemo mana wasa a waje, da yaran Kwatarkwashi. Malam Manomi ya kwashe mu a sahu biyu, Nasrin kuma ta rina mana tsofaffin singiletinmu da wani garin rawaya da take sa wa miya, muka fita iri ɗaya karon farko a tarihin Walƙiya, muna ƙamshin girki. Filinsu yana gindin dutse, dutsen ya yi kore, ruwa na gangarowa ta tsagoginsa, 'yan kallo sun hau kan duwatsu kamar awaki. Yaran can sun fi mu ƙoshi, suka zura mini biyu kafin a juya. Ana dab da tashi aka yi yayyafi, rinin ya fara zuba, muka koma rawaya har wuya. Sule ya bugo ƙwallo daga gefe, Jatau da ya baro bayansa ba da izinin kowa ba ya ga ta nufo fuskarsa, ya rufe ido ya juya, ta daki ƙeyarsa ta faɗa raga. Ubansa ya shigo fili da gudu yana kaɗa lema yana ihu da yarensu, alƙalin wasa na bin sa da usur. An ci mu biyu da ɗaya, amma wanda ya ji waƙarmu a hanyar dawowa zai rantse kofi muka ɗauko.

Hutu ya zo ya wuce, ba su tafi ba. Ba wanda ya yi maganar takardar. Da na tambayi Jatau ya ce uwarsa ce ta cire ta daga aljihu da za ta wanke rigar, kuma bai sake ganinta ba.

Gero ya yi, ba kamar na shekarun ƙoshi ba, amma ya yi. Mun fara gasa tumu a bakin gona, muna murzawa a tafin hannu muna watsawa a baki da zafinsa, ranar da naƙuda ta kama Nasrin. Da hantsi ne, Malam yana makaranta. Jatau ya faɗo gidanmu ba sallama, Inna ta dubi fuskarsa kawai ta saki abin da ke hannunta, ta tura ni kiran ungozoma. Koci ya hau keken wani da aka kawo gyara ya tafi kiran Malam. Kafin motar ta iso a tafi asibiti, mun ji kukan jaririya daga inda muke tsugune a gindin katanga.

Daga nan unguwa ta karɓe gidan. Aka kafa babbar tukunya a tsakar gida don wankan jego. Jatau ya ce da uwarsa ta ga ruwa na tafasa ga ganyen darbejiya a hannun ungozoma, sai ta riƙe hannun Inna tana cewa, "Yaya, a'a, Yaya." Inna ta sa aka surka mata fiye da yadda ake yi wa kowa, tsofaffi suna ta gunaguni wai an ɓata wanka. Kunun kanwa kuwa ba ta yi gardama da shi ba. Itace da ruwa aka ɗora wa Walƙiya. Koci ya ce ɗaukar jarka daga rijiya horo ne na ƙafa, wanda ya yi fashi ba zai buga wasan farko ba in an yi girbi. Ba wanda ya yi fashi.

Malam ya sayi rago ɗaya don suna, ya jera kujeru goma sha biyu a ƙofar gida, don a lissafinsa abokan aikinsa ne za su zo da liman. Bai san mun zagaye unguwa gida-gida da goro ba, bai kuma san Baba Dikko ya aika har Bilbis ba. Da gari ya waye layinmu ya cika maƙil, tabarmi har bakin titi, ga mutanen Furfuri dangin matar Koci, ga kocin Kwatarkwashi da yaransa uku. Mata suna ta shiga da ƙwarya da kwano, wannan gero sabon sussuka, wannan sabulu, wannan 'yar riga. Malam ya tsaya a bakin ƙofa da kujerunsa goma sha biyu yana ta juya hula a hannu. Ya jawo Baba gefe ya ce, da Hausarsa da ta fara tsayuwa, rago ɗaya ne, mutane da yawa, kunya. Baba ya ce masa ba nama ya tara su ba, ya je ya zauna kusa da liman.

Liman ya sunkuya, Malam ya raɗa masa suna, aka yi addu'a aka shafa. Da aka ɗaga murya aka faɗi sunan, sai na ga Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi, daga cikin gida kuma guɗa ta tashi har sau uku. Sunan Inna ne. An ce Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗakin mai jego, ba ta fito ba sai da aka fara raba waina.

Da taro ya lafa Jatau ya fito da jaririyar a naɗe cikin tawul, 'yan Walƙiya suka kewaye shi kowa na leƙe. Ya miƙo mini ita, tunda ni ne gola, ni ne ba na sakin abu. Ya ce in kira sunanta ta ji. Na ce ba zan iya ba. Ya ɗauka wahalar faɗa ne da shi, ya shiga maimaita mini a hankali, yadda muka riƙa koya masa Hausa a fili. Yaran suka fashe da dariya. Sule ne ya yi masa bayani cewa a nan ɗa ba ya kama sunan uwarsa, ko da a jikin wata aka sa shi.

Jatau ya juyo gare ni. "To mi za ka ce mata?"

Na dubi 'yar fuskar nan ja, ta yamutsa goshi kamar an tashe ta daga muhimmin aiki. Na ce, "Inna Ƙarama."

Shekara shida suka ƙara yi a Gusau, kuma har ranar da muka raka su tasha, ba a unguwa kaɗai ba, har a cikin gidansu, da wannan sunan take amsawa.